Kewaya Najeriya a Kan Keke: Yadda Za Ka Tsara Tafiyar Tun Daga Ƙauyenku

Najeriya ƙasa ce mai faɗin murabba'in kilomita 923,768, da jihohi 36 da Abuja. Duk wanda ya ƙudurta zai kewaya ta a kan keke, ɗauke da makwancinsa da tukunyarsa, ya ɗauko aikin wata biyu zuwa uku. Ƙarfin ƙafa ba shi ne abin damuwa ba a wajen mutanenmu. Mutumin Gezawa ko Ringim da ya saba ɗora buhun gero a kariya ya kai kasuwa ya dawo kafin la'asar, ƙafarsa ta riga ta ƙware. Rashin tsari ne ke kayar da mutum, kuma a ganina tsarin gaba ɗaya ya rataya ne a kan tambaya guda: yau a ina zan kwana, kuma wa ya ba ni izini?

Na sa wannan a gaba ne saboda yawancin bidiyon da matasa ke kallo a waya na masu yawon keke a Turai da Amurka ne, inda mutum zai ratse cikin daji da magariba ya kafa tanti ba wanda ya sani. A ƙasar nan, a halin da ake ciki, baƙon da aka tsinta kwance a bayan gari ba da sanin kowa ba, kafin ya buɗe baki an ɗauke shi ɗan leƙen asirin ɓarayi. Namu tsarin ya fi kusa da na fataken da. Ayarin da ke zuwa Gwanja, a ƙasar Ghana ta yau, sayo goro yana da madugu, yana da jagaba mai shiga gaba ya duba hanya da masauki, kuma zango-zango ake lissafa tafiyar. A wannan tafiya kai ne madugu, kai ne jagaba, kuma rabin aikinsu tun kana gida za ka yi shi.

Gida da lokaci

Kafin taswira, iyaye da iyali. Ka zauna da su ka faɗa musu hanyar da za ka bi da ranar da kake sa ran dawowa, ka nemi albarkarsu. Mai iyali ya bar hatsi da kuɗin cefane na tsawon tafiyar, ya kuma damƙa gidan a hannun wani ɗan'uwa tsayayye. Wanda ya fita hankalinsa na gida, ba ya kai mako biyu zai juyo.

Lokacin tashi kuwa, Allah ya riga ya daidaita mana shi da aikin gona. Damina a wajenmu daga Yuni ce zuwa Satumba, a kudu kuma ruwa yakan sauka tun Maris ko Afrilu ya kai har Oktoba ko Nuwamba. Bazara, daga Maris zuwa Mayu, zafi kan haura digiri 40 a Kano da Haɗeja, kuma lokacin sanƙarau ne. Abin da ya rage shi ne daga farkon Nuwamba, bayan an shigar da amfanin gona rumbu, zuwa ƙarshen Janairu. Mai noman rani a Kadawa ko kwarin Haɗeja sai ya zaɓi ɗaya a shekarar, ko alkama ko tafiya, domin lokacinsu ɗaya ne.

Iskar hunturu daga arewa maso gabas take kaɗawa. Idan ka nufi kudu ko yamma tana bayanka tana tura ka, idan ka juyo gida tana fuskarka da ƙura. Saboda haka zangon dawowa ka gajarta su, kada ka auna su da saurin da ka yi a tafiya. Ka duba watan azumi ma: yana ja da baya da kwana 10 ko 11 kowace shekara, a 2027 zai kama wajen farkon Fabrairu. Matafiyi yana da rangwame, amma ya fi daɗi ka iso gida kafin a ga wata. Makon Kirsimeti da sabuwar shekara hanyoyin kudu cike suke da motoci masu gudu, gara ka yi su kana hutawa a wani gari. Lokacin zaɓe kuwa ba lokacin baƙunci ba ne a ko'ina.

Hanya, zango bayan zango

Ga misalin kewayen da za ka iya ɗora lissafi a kansa. Daga Kano ka bi Wudil, Birnin Kudu, Ningi, ka shiga Bauchi, kimanin kilomita 300. Daga Bauchi ka hau Jos, kimanin 130. Daga nan ka gangara Akwanga da Lafiya, ka ƙetare gadar Binuwai a Makurɗi, ka bi ta Ogoja da Ikom zuwa Kalaba. Sai ka juya yamma, ka ƙetare kogin Neja a Anacha zuwa Asaba, ka bi Benin, Ore da Shagamu zuwa Legas ko kai tsaye Badun. Dawowa ta Ogbomosho da Ilori, gadar Jebba, Mokwa, Bidda, Abuja, sannan gida. Jimilla ta haura kilomita 3,000.

Yanzu lissafi. Keke mai kaya, a hannun wanda ya saba, kilomita 60 zuwa 80 a yini ya isa. Za ka iya yin 120 yau, amma jibi gwiwa za ta karɓi bashinta. Ka ɗauki 70 ka raba: kwana 45 ke nan na tuƙi ko sama da haka kaɗan. Ka ƙara kwanan hutu ɗaya bayan kowane kwana 4 ko 5, ka ƙara mako guda na abin da ba a zata ba, zazzaɓi ko karyewar wili. Ka kusa mako 10.

Sayi littafi mai bango mai ƙarfi, kowane zango shafi guda. Rubuta garin da za ka tashi, garin da za ka kwana, nisan da ke tsakani, da wani gari na biyu da ya fi kusa idan rana ta ƙwace maka. Rubuta ranar kasuwa in ka san ta, domin ranar kasuwa akwai abinci da mai gyara, amma akwai cunkoson motoci: Wudil ranar Juma'a take ci, Maigatari Alhamis, Ɗambatta Lahadi. A ƙasan shafin kuma sunan wanda za ka nema a garin da lambarsa. Wannan layin na ƙarshe shi ne mafi wahalar cikewa, shi ne kuma mafi amfani. Ka tambayi 'yan ci-rani na ƙauyenku, direbobin da ke lodin shanu da albasa zuwa kudu, da 'yan uwan da suka yi hidimar ƙasa a can. Kusan kowane babban gari a kudu yana da unguwar Hausawa da sarkinta: Sabo a Badun da Shagamu, Agege da Idi-Araba a Legas, Bogobiri a Kalaba, Ama Hausa a Owerri. Waɗannan su ne turakun tafiyarka.

Taswirar waya tana taimakawa. Google Maps yana barin ka sauke yanki ka duba ba intanet, haka ma manhajar OsmAnd, wadda ke nuna tudu da gangara. Amma waya ba ta san wace hanya aka tare jiya ba. Direbobin tasha da 'yan ƙungiyarsu sun sani. Kowace yamma ka je tasha ka tambayi mutum biyu ko uku, daban-daban, halin da zangon gobe yake ciki.

Akwai wuraren da ban ga dalilin sa su a lissafi ba a yanzu: hanyar Birnin Gwari, yawancin Zamfara, gabashin Sakkwato, yammacin Katsina, da karkarar Borno. Akwai kuma waɗanda halinsu ke sauyawa, irin dajin Falgore, wasu sassan Filato da Binuwai, arewacin Kwara, jihar Neja, da hanyar Abuja zuwa Kaduna. A kudu maso gabas an fara zaman gida na ranar Litinin tun Agustan 2021, don haka sai ka tambayi masu masaukinka kafin ka fita a wannan rana. Idan mutanen gari suka ce kada ka bi, ɗora keken a mota ka tsallake wurin. Kewayen bai ɓaci ba don ka yi kilomita 150 a bayan a-kori-kura. Mamadou Safayou Barry, ɗan ƙasar Gini da ya tasar wa Jami'ar Azhar a kan keke a 2023, ya yi kimanin kilomita 4,000, an tsare shi a Burkina Faso da Togo, kuma da ya isa Cadi jirgi ya hau zuwa Alƙahira saboda yaƙin Sudan na gabansa. Ba wanda ya ce bai yi tafiya ba.

Keken da za ka hau

Zaɓi biyu ne a gabanka. Akwai baƙin keken da muka gada, irin Phoenix ko Raleigh mai taya inci 28, wanda kowane mai faci a ƙauye yake da kayansa, kuma kariyarsa tana ɗaukar nauyi. Aibinsa biyu: ba giya, kuma birkinsa na sanda ba ya kamawa sosai a gangara ko cikin ruwa. Akwai kuma keken gwanjo mai giya da taya inci 26. Idan a cikin Kano da Jigawa za ka tsaya, inda ƙasa take shimfiɗe, baƙin keke ya wadatar. Idan za ka hau Filato, ni mai giya zan ba ka shawara. Kano tana kan tudun mita 500 ko ƙasa da haka kaɗan daga teku, Jos kuwa wajen mita 1,200. Hawan daga Bauchi zai gwada cinyarka, gangaren Hawan Kibo a hanyar Akwanga kuma zai gwada birkinka. A irin wannan gangare ka riƙa dannawa kana saki, gaba da baya tare, idan ka ji rim ya yi zafi ka tsaya ya huce. Sauka ka tura ba abin kunya ba ne.

Nemi mai jikin ƙarfe, domin idan ya tsage mai walda zai ɗinke shi a kowane gari. Na alminiyam sai an sha wahalar nema. Ka guji mai sifirin a tsakiya, nauyi ne kawai kuma kariya ba ta zama a kansa. Wilin baya ya zama mai sifok 36, mai gyara ya ɗaure su daidai. Sa sababbin taya da tif, sabon cen, sababbin robar birki da wayarsu, a wanke boris a cika giris. Idan za ka samu tif mai bawul irin na mashin, ɗauki shi, don kowane mai faci a bakin titi zai iya ba ka iska.

Ƙaya ce babbar abokiyar gabar tayarka a arewa, musamman tsidau da ke shimfiɗe a gefen hanya da ƙayar aduwa da bagaruwa a ƙarƙashin inuwar da za ka so hutawa. Dabarar da masu keke suka daɗe suna yi tana aiki: a yanke bakin tsohuwar taya a shimfiɗa ta a cikin sabuwa kafin a sa tif. Keken zai ɗan ƙara nauyi, faci zai ragu sosai.

Tsayin sirdi kuma, yawancinmu ƙasa muke barin sa. Zauna a kai, ɗora diddige a feda tana ƙasa. Idan ƙafarka ta miƙe sak, ya yi daidai. Sirdin da ya yi ƙasa shi ke kawo ciwon gwiwa a kwana na uku.

Gwaji a gida

Kada ranar tashinka ta zama ranar da ka fara ɗora kayan. Wata biyu kafin nan ka fara fita da safe, kilomita 20, sannan 40, sannan 60, da jarkar ruwa a kariya. Daga nan ka yi kwana ɗaya a wani gari da ba ka da dangi, don ka koyi neman masauki a inda harshe ɗaya kuke yi.

Sai babban gwaji, kewayen mako guda: Kano, Wudil, Gaya, Dutse, Jahun, Kafin Hausa, Haɗeja, Malam Madori, Gumel, Gujungu, ka dawo ta Gezawa. Kimanin kilomita 450 ne. A nan za ka san ainihin zangonka, da kayan da ka ɗauka ba ka taɓa ba, da notin da ke kwancewa, da abin da kake kashewa a yini. In ka samu sarari a Haɗeja ka leƙa dausayin Baturiya, lokacin hunturu tsuntsayen da suka ƙetaro Sahara daga Turai suna nan. Wanda ya gama wannan kewaye ya ji ya ƙoshi, ya yi tafiya mai kyau, babu dole sai ya je Kalaba.

Kaya

Duka kayanka, ban da ruwa, kada su wuce kilo 20. Nauyi ya sauka ƙasa, ya rabu daidai hagu da dama. Jakunkunan gefe na kanti suna da tsada, amma mai ɗinkin tamfol zai ɗinka maka biyu, ko ka yanke bakin jarka biyu masu lita 20 ka ɗaure a gefen kariya, ruwa ba ya shigarsu. Kada ka goya jaka a baya. Tsohon tif da aka tsaga ya fi kowace igiya riƙe kaya.

Na kwana: ƙaramin tanti mai tsayawa da kansa ba sai an kafa turaku ba, domin sau da yawa a kan siminti za ka kwana, barandar makaranta ko ta shago. In babu hali, gidan sauro mai magani da tamfol da igiya sun isa a rani. Ƙara tabarma ko siririyar katifa, bargo, rigar sanyi da hular sanyi. Daren Jos a Disamba ba wasa ba ne.

Na gyara: famfo, tif biyu, faci da sholisho, sifana masu dacewa da notin kekenka, filaya, sukundireba, sifok 5 ko 6, wayar birki, guntun cen, ɗan man cen, da taya ɗaya a naɗe. Ka zauna wajen mai gyara yini guda ka koyi faci, sa sifok da haɗa cen da hannunka.

Na jiki: kaya kala biyu na tuƙi, ɗaya mai tsabta na sallar Juma'a da gaishe da manya. Wando mara kaurin ɗinki a tsakiya, a ɗaure ƙafarsa ta dama kada cen ya kama. Doguwar riga ba ta tuƙi ba ce. Hular kwano, tabarau, takunkumi ko rawani saboda ƙura, riga mai ƙyalli irin ta ma'aikatan hanya, madubi a kan keke, fitila gaba da ja a baya. Tocila, fawa banki, da layin waya biyu na kamfani daban-daban. Buta da dadduma.

Girki ba lallai ba ne, domin da wuya ka yi kilomita 30 a babbar hanya ba mai shayi ko mai abinci. Ƙaramar tukunya da kofi sun isa. Guzurin da ba ya lalacewa shi ne namu na gargajiya: garin kwaki, ƙuli-ƙuli, dabino, gyaɗa, aya, kilishi, sukari. Ka riƙe na yini biyu kullum.

Abu ɗaya kuma da zan roƙe ka: kada ka ɗauki makami kowane iri, ko adda, ko doguwar wuƙa, ko kayan da suka yi kama da na soja. A ƙarshen Maris na 2025 an kashe matafiya 16 a Uromi ta jihar Edo, mafarauta ne mafi yawansu 'yan Kano, suna hanyar dawowa gida yin sallah, bayan an ga bindigogin farauta a motarsu. Zalunci ne aka yi musu. Amma ya nuna maka irin idon da za a kalli kayanka da shi a wasu wurare. 'Yar wuƙar yanka albasa ta isa, ita ma a cikin tukunya.

Takardu

Katin ɗan ƙasa mai lambar NIN, takardar shaidar ƙaramar hukuma, rasit ɗin keke mai ɗauke da lambar da ke jikin ƙarfensa, da wasiƙar gabatarwa. Wasiƙar ka fara ta daga mai unguwa zuwa dagaci zuwa hakimi, a buga hatimi, a rubuta ta da Hausa da Turanci: sunanka, garinku, dalilin tafiya, jihohin da za ka ratsa, da lambar wanda za a kira a tabbatar. Ka yi kwafi da yawa, ka sa na asali a leda, ka ɗauki hotonsu a waya. Wasu sukan riƙe littafi na musamman, duk sarki ko ofishin 'yan sanda da suka sauka sai a sa musu hannu da hatimi. Bayan mako biyu littafin da kansa yana yi maka bayani a shingen bincike.

Neman masauki

Ka shiga garin da za ka kwana da sauran rana, tsakanin la'asar da ƙarfe 5. Baƙon da ya zo da haske baƙo ne, wanda ya zo da duhu abin tuhuma ne. Sauka daga keke tun daga bakin gari, cire tabarau da takunkumi a ga fuskarka. Yi sallama ga dattawan da ka fara tararwa, a gaisa a tsanake, sannan ka ce: “Baba, ni baƙo ne, daga ƙasar Ringim na fito, ina kan hanyar Bauchi. Don Allah a nuna mini gidan mai unguwa.” A gaban mai gari ka tuɓe takalmi ka durƙusa: “Ranka ya daɗe, matafiyi ne, ga takarduna. Wurin da zan shimfiɗa tabarma nake nema zuwa asuba, ina da abincina da makwancina.” Faɗin cewa kana da abincinka yana sauke wa mutane nauyi, ko da yake a ƙasar Hausa da wuya a bar ka ka ci shi.

Inda aka nuna maka, nan za ka kwana, ko zaure ne, ko harabar makarantar firamare, ko gefen masallaci. Kada ka yi musu don ka hango wata inuwa da ta fi kyau. A garuruwan da ba Hausawa, tsarin bai canja ba, sunaye ne suka canja: sarkin gari ko shugaban unguwa, limami ko fasto, ofishin 'yan sanda, ko shugaban 'yan banga. Koyi gaisuwa da godiya da harshen kowane yanki kafin ka shige shi, Tibi ne ko Ibo ko Yarbanci. Kalma biyu suna sassauta fuska. A manyan birane kuwa tanti ba shi da wuri, ka nemi unguwar Hausawa ko ka kama ɗakin haya mai araha.

In aka ba ka fili a waje, duba ƙasa da sama. Kada ka kafa a kan burtali ko hanyar mashaya, kada a cikin gonar da ba a girbe ba, kada a kwari ko bakin rafi saboda sauro da sanyi. Kada a ƙarƙashin giginya ko kwakwa ko busasshen reshe. Share wurin ka duba ramuka da layin tururuwa, a kudu kwarkwasa na iya tashin ka tsakar dare. Kulle keken a jikin wani abu kusa da kanka, kuɗi da waya da takardu su kwana a jikinka. Wuta a hunturu sai da izini, kuma a kashe ta da ruwa, ciyawa a bushe take. Da safe kakkaɓe takalmi kafin ka sa ƙafa saboda kunama.

Kafin ka tashi, share wurin, kwashe ledarka, koma ka yi sallama da wanda ya sauke ka. Ɗan goro ko dabino ko sabulu ya fi miƙa kuɗi mutunci, sai dai a wurin da ka ga kuɗin ake bukata. Sannan ka roƙe shi abu ɗaya: ya kira wani da ya sani a garin gaba, ko ya ba ka suna. Da haka shafukan littafinka da suka rage babu suna za su cika. Kuma ka tuna duk yadda ka bar wurin, haka za a karɓi mai keken da zai zo bayanka.

Tafiyar mutum biyu ko uku ta fi ta mutum ɗaya aminci, kuma ba ta yi wa mai masauki yawa. Fiye da haka ya zama taro.

Yini a kan titi

Tashi bayan sallar asuba, da zarar gari ya waye har direba zai iya ganinka. Yi kashi biyu cikin uku na zangon kafin ƙarfe 11. Huta a inuwa har bayan azahar, sannan ka ƙarasa. Tun 1972 hannun dama ake tuƙi a Najeriya, kai ma dama za ka bi, tare da motoci, a can gefe. Idan ka hango tirela ko tanka a madubi kuma wata na tahowa ta gaba, sauka daga kwalta gaba ɗaya. Tuƙin dare babu shi a wannan tsari ko kaɗan.

A shingen jami'an tsaro ka sauka tun daga nesa, ka gaishe su, ka amsa abin da aka tambaye ka. Kada ka ɗauki hoton shinge, bariki ko gada. Hotunan tafiyarka ma, in za ka sa a Facebook ko TikTok, ka sa na garin da ka riga ka bari, kada ka sanar da inda za ka kwana gobe. Mutum ɗaya a gida shi zai san wannan, ka kira shi kowace yamma, ku kuma yi yarjejeniyar abin da zai yi da wanda zai kira idan ya kwana bai ji ka ba. Lambar gaggawa ta ƙasa 112 ce, ta hukumar kiyaye haɗurra 122.

Sallah kuwa, a mazhabar Malikiyya ana ƙasaru a tafiyar mil 48, kimanin kilomita 80, kuma wanda ya yi niyyar zaman kwana 4 a gari zai cika. Ka zauna da malaminku kafin tashi ya warware maka wannan da hukuncin taimama.

Ruwa da lafiya

A yinin tuƙi za ka sha lita 5 ko fiye. Ledar fiya wata rabin lita ce, ka yi lissafi da ita. Riƙe lita 3 a keke kullum, ka cika a duk famfon burtsatse da ka samu. Ruwan rijiya ko rafi sai an tafasa shi ya yi minti guda yana tafasa, ko a sa maganin tsabtace ruwa. Fitsari ne ma'auninka: in ya yi ja ya ragu, ruwa ya yi maka kaɗan. Idan gudawa ta kama ka ko gumi ya yi yawa, haɗa lita 1 ta ruwa mai tsabta da ƙaramin cokali 6 na sukari a shafe da rabin ƙaramin cokali na gishiri, ko ka riƙe ƙunshin ORS daga kemis. Duk zafin da ake yi kada ka yi wanka a kududdufi ko madatsar ruwa, nan ake ɗaukar tsargiya.

Zazzaɓi in ya zo, tsaya, je a yi gwajin maleriya, sha magani ya ƙare, kada ka hau keke sai ƙarfi ya dawo. A kudu sauro ba ya hutun rani. Kafin tashi ka je asibiti a duba hawan jini, ka tambayi allurar tetanus da ta shawara. Gogar cinya tana tsayar da mutum fiye da yadda ake zato: wanke wurin kullum, shafa man kaɗanya, sauya wando. Saran maciji kuwa, kububuwa ta yi yawa a yankin Gombe, Bauchi, Filato da Binuwai. Kada a tsaga, kada a tsotsa, kada a ɗaure tamau. A hana ƙafar motsi, a ɗauki mutum a mota zuwa asibiti. Asibitin Kaltungo a Gombe ya shahara da wannan aiki.

Kuɗi

Farashi yana sauyawa da sauri, don haka lissafin gwajinka na Jigawa shi ne madogara. Abin da ka kashe a yini, ninka shi da yawan kwanakin, ƙara kashi ɗaya cikin uku domin abinci da ɗaki sun fi tsada a kudu. Ware kuɗin gyara daban. Ware kuma kuɗin motar da za ta dawo da kai da kekenka daga wuri mafi nisa, wannan ba a taɓa shi ko da yunwa. Yawancin kuɗin ya zauna a banki, kana cira wajen masu POS kaɗan-kaɗan. Amma wanda ya ga ƙarancin takardun naira a farkon 2023 ya san ba a dogara da na'ura kaɗai, don haka riƙe tsabar kwana 3 a rabe wuri biyu, da canji ƙanana a aljihun gaba.

Mako guda kafin tashi, ɗora kayan duka ka yi kilomita 30, ka sake ɗaure duk notin da ya saki. Kira mutanen zango uku na farko ka tabbatar suna nan. Kwafi littafin zangonka ka bar wa wanda za ka riƙa kira a gida. Zangon ranar farko kuma ka sa shi gajere, kilomita 40 ko 50, domin sallama da 'yan uwa da maƙwabta za ta cinye maka safiyar.